Musayar baitoci kan bangon Bonamfak

Ɗan Marina: Jama'a, ga baitoci kan Bonamfak, kufan Mayawa, tsohuwar al'ummar yankin, a jihar Ciyafas ta Meksiko. Amsa-amon "ni" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

A dajin Ciyafas Mayawa sun yi gini,
Ɗakuna uku jere a gefen tsauni.
Sarki Can Muwan ya sa aka zane bango,
Wajen shekara ta 790, sama da ƙasa duk launi.
Ɗakin farko makaɗa ne da mabusa,
Caki, ganga, ƙoƙon kunkuru, zo ku gani.
Shuɗin ya haura shekara dubu bai koɗe ba,
Baba da yumɓu suka haɗa, gwanayen shuni!

Goggon Yara:

Ɗana, ka ji kiɗa ka tsaya a zaure,
Leƙa ɗaki na biyu, can sai jini.
Sarki tsaye da mashi, sanye da fatar damisa,
Kamammun yaƙi zube a matakalar gini.
Yatsunsu na ɗiga, ɗaya ya ɗaga hannu yana roƙo,
Ga yankakken kai bisa ganye, ina ruwana da rini?

Ɗan Marina:

Goggo, a yi haƙuri, sana'a ce ta ja ido,
Ɗan marina ko a fagen yaƙi launi yake gani.

Malam Na-Tsangaya:

Ku biyun kun yi gaskiya, bari in ƙara,
Da can an ce Mayawa ba su san faɗa ba, in ji masani.
Wai aikinsu lissafin taurari da kwanaki,
Sai bangon nan ya sauya wa masana tunani.
A 1946 Lakandawa, mutanen dajin,
Suka kai mai ɗaukar hoto Giles Healey wurin, duniya ta sani.
Ruwan da ya yi yoyo ya lulluɓe zanen da farar ƙasa,
Ita ta tsare shi ƙarni bayan ƙarni.
Baƙi suka dinga watsa kananzir don zanen ya fito,
Ɓarnar da suka yi ta fi amfani.

Goggon Yara:

Allah gafarta Malam, ka tsallake ɗaki na uku,
Mata ma ba a bar su a baya ba wajen jini.
Matan fada zaune suna huda harshensu,
Maza na rawa da gashin tsuntsu mai launi.
To akwai wani yaro da aka ɗaga a zanen ɗakin farko,
Ya gaji sarautar kuwa? A ba ni bayani.

Malam Na-Tsangaya:

Hajiya, babu rubutun da ya nuna ya hau gado,
Ba a jima ba aka watse, daji ya rufe gini.
Wasu guraben da aka ware don rubuta sunaye,
Masu zanen ba su cike su ba, har wannan zamani.