Riƙon amana tun daga ɗakin kwanan ɗalibai

A zaman da wasu ’yan uwa da suka kammala karatu suka yi a Madina, galibinsu ’yan Jami’ar Musulunci da aka kafa a 1961, an fi tsayawa a kan kuɗin jama’a. Ra’ayin da ya rinjaya shi ne, ɗalibin da ya saba cin bashin riyal goma ya yi shiru, haka zai yi da asusun ƙungiya idan ya zama shugaba.

Don haka kada ma’aji ya haɗa kuɗin ƙungiya da nasa, ko na kwana ɗaya. Nan ɓarna take farawa: “aro ne, zan mayar,” sai wata ya ƙare alawus bai shigo ba. Kowane fitar kuɗi ya zama da rasit da sa hannun mutum biyu, a kuma karanta lissafi gaban mambobi duk wata uku.

Batun kyauta ya ja dogon zance, kuma ya cancanta, musamman lokacin Hajji da ake miƙa wa jami’i ambulan don ya gyara wa wani masauki. An tuna da Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi (SAW) ya tura karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kaso da sunan kyauta. Annabi ya tambaya me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa. In don muƙami aka ba ka, mayar da ita nan take.

Idan kuma ɗan garinku ya nemi gurbi, bar wa wasu su duba takardunsa.