Shin "outlaw" mai laifi ne kawai?

Habu: Jama'a, ku raba mu da Malam Isa. A jarrabawar yara ya ce amsar "outlaw" ita ce mai laifi. Na ce kalmar ta fi haka nauyi, ya ce ƙaƙale nake.

Malam Isa: Ina nan kan bakana. Wanda ya taka doka me sunansa?

Barista Hadiza: Malam, da girman kujerarka, ba kowane mai laifi ba. Ɓarawon akuya da ke gidan yari mai laifi ne, amma doka na kare shi, in ka fasa masa kai sai ka amsa. A Ingila ta dā, in mutum ya gudu ya ƙi amsa sammaci, sai a fitar da shi daga inuwar doka, a ƙwace dukiyarsa. A farkon lamarin ko kashe shi ka yi ba mai tuhumarka, shi ya sa suke ce masa mai kan kyarkeci. Mu da sai mu ce jininsa ya halatta. Sai a 1938 suka soke wannan hukuncin gaba ɗaya.

Malam Isa: Wannan tarihi ne, Barista. Yau in Ba'amurke ya faɗi kalmar, irin su Jesse James yake nufi, mai fashin bankuna da jiragen ƙasa, wanda aka harbe a 1882.

Habu: To shi ɗin ɓarawon kaza ne? Gagararre ne, hukuma na nemansa ruwa a jallo.

Ladi: Ni aikatau ɗin ne ke ɗaure min kai. An ce Birtaniya ta yi "outlaw" ɗin cinikin bayi a 1807. Haramtawa za a ce? Ina jin nauyin kalmar, haram ai ta Allah ce. Me zai hana a ce hanawa?

Barista Hadiza: Anti Ladi, mai unguwa ma yana hana yara ƙwallo a ƙofar masallaci, ba doka ya kafa ba. Wannan kuwa sai majalisa ko kotu. Kuma tun 2017 kullum rediyo na cewa haramtacciyar ƙungiyar IPOB, ba wanda ya ɗauka fatawa ce.

Malam Isa: Na haramtawa na yarda. Yaron da ya rubuta gagararre zan ba shi maki, amma wanda ya rubuta mai laifi ba zan kayar da shi ba.

Habu: Rabin maki dai, Malam.