Ɗaliban likitanci da "rage gishiri, rage tuwo": ya kuke koya musu abin da ya wuce haka?

Likitan Iyali:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masu koyarwa ce, da duk wanda ɗalibai ke zama kusa da shi a kilinik ɗin hawan jini da suga. Ɗan aji biyar zai jero maka magungunan hawan jini rukuni-rukuni ba gargada, amma ka ce ya yi wa dattijuwa bayanin abin da za ta ci, magana uku ce: rage gishiri, rage tuwo, a riƙa motsa jiki. Ita kuma ta ce "to, likita", ta koma gida ta ci tukunya ɗaya da kowa. Ginshiƙan gyaran rayuwa guda shida, wato abinci, motsa jiki, barci, rage damuwa, nisantar taba da kayan maye, da zumunci, haddace su ba wuya. Me kuke yi a aikace har ɗalibi ya iya? Kuma a ina abin yake lalacewa?

Anti Mai Abinci:
Wa alaikumus salam, Likita. Abu na farko, a raba ɗalibi da tambayar "kina cin gishiri da yawa?" Ba wadda za ta ce e. Tambayar da ke aiki ita ce: jiya da dare me aka dafa, wa ta dafa, dunƙule nawa ta jefa, mutum nawa suka ci? Daga nan sai lissafi, a gaban majiyyaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya tsaya ƙasa da giram 5 na gishiri a yini, wajen cokalin shayi ɗaya a shafe. Ƙaramin dunƙule giram 4 ne, kuma wajen rabinsa gishiri ne. To ga miyar kuka ta mutum takwas, an sa dunƙule 8 da gishiri cokali biyu: 16 a tara da 10, giram 26 ke nan, kowa ya tashi da sama da giram 3 a tuwon dare kaɗai. Ba a sa yajin da aka barbaɗa ba, ba a sa burodin safe ba. Ɗalibin da ya yi wannan lissafi da hannunsa sau biyu ba ya mantawa.

Inda suke kwafsawa shi ne su ce a daina gishiri ɗungurungum, ko a ware wa Baba tukunyarsa. Kwana uku za a yi, miya ta yi lami, Baba ya ture kwano, a koma gidan jiya. Abin da ke ɗorewa a rage wa gida gaba ɗaya a hankali: 8 su koma 6 na mako biyu, sannan 4, a cike gurbin da daddawa, albasa, citta da tafarnuwa. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni.

Sai kanwa. Da yake da Turanci ana ce mata potash, ɗalibai da yawa sun ɗauka fotasiyam ce. Sodiyam ce, sinadarin gishiri mai ɗaga jini. Tun shekarun 1970 binciken da aka yi a Zariya ya alaƙanta ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa, tare da wankan jego da kwanciya a kan gado mai zafi. Duk ɗalibin da zai yi aiki a Arewa ya kamata kanwa ta shiga jerin tambayoyinsa.

Ga mai suga kuma, a cire musu wannan magana ta "koma tuwon alkama da acca". Duka sitaci ne. Wanda ya ci malmala uku ta alkama bai tsira ba. Yawa ake dubawa: malmala ɗaya kamar dunƙulen hannun mai ci, rabin faranti ganye (kwaɗon zogale ko rama, alayyahu, kabeji), ragowar wake, awara, ƙwai ko kifi. Zuma ma sukari ce, duk albarkarta.

Sista Babba:
Anti ta gama da kicin. Ni nawa awo ne, don in awo ya karkace duk shawarar da ta biyo baya ta karkace. Kafin a bar ɗalibi ya ba kowa shawara, ya auna hawan jinin mutum goma a gaban ma'aikaciyar jinya. Mutum ya zauna minti 5, bayansa a jingine, ƙafa biyu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ba hira. A tambaye shi ko ya ci goro, ya sha kofi ko taba cikin minti 30 da suka wuce. Goro ne ake yawan mantawa. Mai kaurin damtse in aka ɗaura masa ƙaramin maɗaurin na'urar awo, lamba za ta hau fiye da gaskiya. Kuma ba a ɗaurawa a kan hannun riga mai kauri don jin nauyin cewa Alhaji ya naɗe.

Ƙugu kuma da tef, a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso, bayan an saki numfashi. Ma'aunin da ake amfani da shi a nan santimita 94 ga maza, 80 ga mata. Ɗalibi namiji ya nemi mace ta tsaya ko ta auna. In ba a koya masa yadda zai nemi izini ba, tsallake awon zai yi ya bar gurbin a kati babu komai.

Malam Fisiyo:
"A riƙa motsa jiki" ba umarni ba ne, addu'a ce. A koya musu rubuta shi kamar magani: me, minti nawa, sau nawa, da wane ƙarfi. Abin da ake nema aƙalla minti 150 a mako, misali 30 sau biyar, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Gwajin ƙarfi mai sauƙi ne: kana iya magana amma ba ka iya waƙa. Wanda bai saba ba ya fara da minti 10 bayan Asuba ko bayan La'asar, ba da rana tsaka a watan Afrilu ba.

Matar da ba ta fita ba za a ce mata ta je filin wasa ba. Zagayen tsakar gida minti 10 bayan kowane cin abinci, da tashi-zauna daga kujera sau 10, sahu biyu. Amma mai suga a duba ƙafarsa tukuna: a cire takalmi, a leƙa tsakanin yatsu, a gwada ji da siririn zaren roba na awo, mai danna fata da ƙarfin giram 10. Wanda ƙafarsa ta daina ji, ka tura shi tafiya da silifas ɗin roba, ƙaya ta shige shi bai sani ba, gyambo ka rubuta masa.

Dakta na Sashen Suga:
Ku ƙara azumi, don shi ne jarrabawar gaskiya, kuma manyan littattafan da ɗalibai ke karantawa ba su cika tsayawa a kansa ba. Ganawar ta kasance mako 6 zuwa 8 kafin Ramadan, a Rajab ke nan, ba daren ganin wata ba. Lambobi biyu ɗalibi zai riƙe: suga ƙasa da 3.9 ko sama da 16.6 a na'urar da ke ƙirga da milimol, a karya azumi, ko saura minti goma a sha ruwa. A na'urar da ke ƙirga da miligiram, 70 da 300 ke nan. Lallai ya duba wace na'ura ce a hannun majiyyaci, domin 18 ake ninkawa, kuma rikita su ba ƙaramin haɗari ba ne.

Cikin ƙwayoyin suga, glibenclamide shi ne mai yawan kayar da suga da rana, a duba sauya shi tun da wuri. Mai shan metformin sau uku, ɗaya da sahur, biyun a haɗa da buɗa-baki. A jinkirta sahur, a sa wake ko ƙwai, ba koko da sukari zalla ba. Dabino ɗaya zuwa uku, ruwa, sannan abinci. Ba kunu, zoɓo da lemo a jere ba. Tsaga yatsa don awo ba ya karya azumi, amma mutane sun fi yarda in malami ya faɗa, don haka a gayyato limami zaman ɗalibai sau ɗaya. Abu na ƙarshe: mai sikila awon HbA1c ɗinsa (mai nuna matsakaicin suga na wajen wata uku) ba abin dogaro ba ne, a koma awon suga kai tsaye.

Mai Haɗa Magani:
Allah ya ƙara sani, Dakta. Ni jan kunne zan yi. Ɗalibin da ya ƙoshi da wannan darasi yakan zarce, ya sa majiyyaci ya ji kamar kwaɗon zogale zai maye gurbin ƙwaya. Mutanenmu dama kunnensu a buɗe yake ga duk wanda zai ce a ajiye maganin asibiti. Wanda aka auna 170 bisa 105, magani da gyaran abinci tare ake farawa. Sannan gishirin nan mai fotasiyam da ake cewa na masu hawan jini: mai ciwon ƙoda, ko mai shan maganin hawan jini irin lisinopril ko spironolactone, zai iya taɓa bugun zuciyarsa. A kuma tambayi abin da ake saya a kemis. Diclofenac da ibuprofen na ciwon jiki suna ɗaga jini, dexamethasone da 'yan mata ke sha don ƙiba yana ɗaga suga.

Likitan Iyali:
Gaskiya ne, Malam. Hujjar tana nan, amma a faɗe ta da iyakarta. Binciken Amurka na 2002 ya nuna gyaran rayuwa ya rage kamuwa da suga da kashi 58 cikin 100, metformin kashi 31. Amma a kan masu dab da kamuwa aka yi shi, kuma an bi su da zama 16 a watanni shida na farko. Ba jumla ɗaya a bakin ƙofa ba.

Ɗan Aji Shida:
Ranku ya daɗe, a yi min afuwa. Kati saba'in ne a kan tebur, kowa minti biyar. Yaushe za a yi lissafin dunƙule da cire takalmi?

Malama Mai Jarrabawa:
Ɗana, ba a zama ɗaya ake yi ba. Abu ɗaya a kowace zuwa, kuma majiyyaci ne zai zaɓa: "Cikin lemo, dunƙule da tafiya, wanne za ka iya taɓawa wannan watan?" Ka tambaye shi, daga ɗaya zuwa goma, yaya yake jin zai iya. In ya ce ƙasa da bakwai, nauyin ya yi yawa, a rage. Sai ya maimaita maka da bakinsa, ka rubuta a kati, don wanda zai gan shi wata mai zuwa ya fara daga nan. Minti uku ya isa. In matarsa ko 'yarsa ce mai girki tana waje a kan benci, a kira ta ciki.

Ga 'yan uwana malamai kuma: ɗalibi abin da za a tambaye shi yake karantawa. In ba a sa wannan a OSCE ba, wato jarrabawar aiki da ake bi tasha-tasha, lacca goma ba za ta yi komai ba. Tasha ɗaya ta minti 8, mai kwaikwayon majiyyaci ya yi Hausa zalla, direban tirela ne mai cin abinci a tasha, ko mai jego da uwar miji ke dama wa kunun kanwa. Maki ya tafi ga wanda ya tambayi mai girki, ya ba da adadi, ya tsaya a buri ɗaya, ya sa aka maimaita. Ɗaliban da ba sa jin Hausa a ba su tafinta a tashar, a duba ko majiyyaci suke kallo ko tafintan.

Sista Babba:
Malama, a sa maɗauri biyu a kan teburin tashar, babba da ƙarami, kada a ce musu komai. A ga wanda zai ɗauka.