Wa Ya Leƙo Bayan Sadakar Arba'in?

Matar Soja:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ga nawa, mai amsawa ya rufe baitinsa da "wa".

Nuwamban 2018 aka far wa sansanin soji na Metele a Borno,
Can Maigida ya kwanta, bai dawo ba,
Aka rufe shi a maƙabartar barikin Maimalari, ban ga fuskarsa ba,
Jakarsa aka kawo min, da wayar da ba ta kunnuwa.

Na yi takaba, wata huɗu da kwana goma,
Na kwashe kayana daga bariki na koma gida,
Masu ta'aziyya sun ci sadakar arba'in sun watse,
Ɗan da nake goyo a lokacin yau yana makaranta,
"Umma, yaya muryar Abba take?" kullum yake tambayawa.

Tsohon Saje:
'Yar uwa, kin fama min miki.

Na yi Baga, na yi Sambisa, zamanin rundunar Lafiya Dole,
Na dawo gida ina takawa da ƙafar roba,
Abokina da muke jiƙa garin kwaki a rami ɗaya,
Shi ya tafi ni na tsira, abin da ke hana ni runtsawa.

Na san unguwarsu, na san ƙofar gidan,
In kai bakin lungu sai gwiwata ta yi sanyi,
Da wane ido zan dubi matarsa in yi gaisuwa?

'Yar Tsohon Soja:
Baba Saje, sannu da jiki.

Babanmu ya je Laberiya da dakarun kiyaye zaman lafiya na ECOMOG a 1990,
Ya dawo ba tabo, muka ce mun ci riba,
Amma ran hawan sallah in an buga bindiga,
Ƙarƙashin gado yake shiga, jikinsa na karkarwa.

Aka ce iska ce, aka yi hayaƙi da rubutu,
Shekaru suka ja kafin likitan ƙwaƙwalwa ya gan shi,
Ya ce firgicin yaƙi ne, kuma yana da magani,
Baba, ka je a duba ka, ba abin kunya ba ne zuwa.

Inna daga Maraɗi:
Harin Inates a Nijar, Disamban 2019, an kashe soji 71,
Autana na ciki, ko aure bai yi ba,
Ƙasa ta yi makokin kwana uku ta tashi,
Ni har yau in na zuba tuwo sai in ɗebe masa malmala, don mantuwa.

Matar Soja:
Allah ya jiƙansa, Inna. Saje, da kai nake.

Ran 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, manya na ajiye furanni,
Ni ba fure nake nema wa ɗana ba,
Wanda ya san dariyar ubansa nake nema,
Ya ce masa haka yake zama, haka yake tsokana,
Matar abokinka ma shi take jira, ka daina juyawa.

Tsohon Saje:
Na ji, 'yar uwa. Ina da hotonmu na Baga,
Juma'a in an sauko masallaci zan kai wa yaransa,
Ku taya ni da addu'a, kar in kasa ƙarasawa.