Taki mai narkewa a hankali a gonar attaruhu: shi kaɗai ya isa?

Manomin Makarfi:
Assalamu alaikum. Takin nan mai rufi da ake cewa yana kai wata uku yana aiki, idan an sa wa attaruhu da tattasai ranar dashe, shi ke nan, ko sai an ƙara yuriya? Gonar jigawa ce, noman damina.

Mai Lambun Galma:
Wa alaikumus salam, Malam. A jigawa ya fi amfani. Yuriya zalla na narkewa nan take, ruwan Agusta ya wanke ta ƙasa inda saiwa ba ta kai, bayan sati uku ganyen ƙasa ya fara rawaya. Mai rufi kuwa danshi ke shiga ƙwayar, naitirojin ya riƙa tsatsowa kaɗan-kaɗan, tsiron na sha daidai cikinsa. Shi ya sa ba ya yin ganye jingim ya zubar da fure.

A tona rami nisan yatsa huɗu daga gindi, zurfin santimita 5, a zuba giram 5, wato kusan cikin murfin kwalbar lemo, a rufe. Idan tazarar dashe santimita 60 da 40 ce, hekta za ta ci kusan buhu huɗu. Kada a daka shi, kada a jiƙa; rufin ya fashe, ya zama taki gama-gari, har ya ƙona saiwa.

Ɗan Samaru:
Sai dai, ranka ya daɗe, "wata uku" ɗin da ke jikin buhu an auna shi ne a zafin digiri 21 zuwa 25. Ƙasarmu a Maris da Afrilu ta wuce nan nesa, don haka a noman rani yakan ƙare da wuri, daidai lokacin da 'ya'ya ke cika. Kuma a satin farko bai fara sakin abin kirki ba, dashe na buƙatar fosfaras don saiwa, sai a haɗa takin SSP mai fosfaras a ramin.

A duba buhun ma. Wasu naitirojin ne kawai aka rufe, babu fotash. Attaruhu yana jan fotash sosai daga fure zuwa tsinka. In babu, 'ya'yan su yi ƙanana.

Hajiyar Kudan:
Ƙari kaɗan. Ƙasan ɗan tattasai da ke baƙi yana ruɓewa ba laifin takin ba ne, kalsiyam ne bai isa ɗan ba saboda ƙasa ta bushe ta jiƙe. A shimfiɗa ciyawa a gindi.

Manomin Makarfi:
Na gode, Allah ya saka. Nawa yuriya ce mai rufi, don haka zan nemi fotash kafin fure.