BRSV ta ƙi kamawa a ƙwayoyin MDBK

Assalamu alaikum malamaina. Ɗalibin likitancin dabbobi ne ni a Sakkwato. Wata biyu ke nan ina fama da BRSV, ƙwayar cutar bairas mai sa maruƙa tari. Majinar da na ɗebo a kara nake zubawa kan MDBK, wato ƙwayoyin halittar ƙodar shanu da ake rainonsu a ɗakin gwaji, a digiri 37. Sau uku ina sake shuka, ƙwayoyin ba su haɗe sun dunƙule ba kamar yadda suke yi idan BRSV ta kama su, suna nan shimfiɗe lafiya lau. Abin haushi, gwajin PCR mai gano ƙwayar cuta ya nuna BRSV tana ciki.

Zafin garin nan nake zargi, don ƙanƙarar kula ta narke kafin in iso, BRSV kuwa ba ta jure zafi. Ko ruwan jinin ɗan tayin saniya ne ke danne ta? Don Allah a taimaka.