Likita ya ce jini ba ya isa bangon cikin maigidana, ku ba ni shawara

Maman Walid: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigidana ɗan acaɓa ne, a Zariya, kullum Sabon Gari zuwa Samaru, shekara tara kenan, tun kafin mu bar Tudun Wada mu dawo gidan yayansa. Olsa ta hana shi barci, ƙarfe biyun dare sai ya tashi zaune yana dafe da ƙirji. Likita ya ce jini ba ya isa bangon cikinsa yadda ya kamata. Na sayo maganin ƙarin jini kwalba biyu, ga zogale ga hanta, amma shiru. Wallahi hankalina a tashe yake.

Hajiya Babba: Yunwa ce kawai, 'yata. Madara da asuba, ruwan kabeji da daddare. Shekara 20 ina tare da olsa, ba likitan da zai koya mini ita.

Baban Ummi: Ni wuni na yi a layi a wani asibiti, ko cikina ba a taɓa ba aka rubuta mini maganin olsa Omeprazole. Allah ya isa.

Anti Nas: Maman Walid, ba ƙarancin jini likitan yake nufi ba. Akwai ƙananan jijiyoyin jini a bangon ciki, su ke ciyar da shi, su kai sinadarin da ke kashe kaifin asid. In gudun jinin ya ragu, bangon ya rasa garkuwa, gyambon ya ƙi warkewa. Magungunan rage ciwo irin su Diclofenac, Ibuprofen da Feldene suna jawo haka, sigari ma yana tsuke jijiyoyin. Yana shan su? Kuma a yi masa gwajin H. pylori, ƙwayar cutar da ke jawo olsa.

Maman Walid: Diclofenac yana sha safe da yamma, amma don ciwon baya ne. In bai sha ba ba ya iya hawa mashin, to me za mu ci? Sigarin ma kara uku ne kacal.

Hajiya Babba: Ba ruwan sigari! Marigayi Alhaji bai taɓa sha ba, amma da olsa ya koma ga Allah. Ki riƙe madara.

Anti Nas: Hajiya, a yi haƙuri, madara tana lafar da zafin na ɗan lokaci ne, daga baya ta ƙara taso da asid. Maman Walid, bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta? In haka ne, jini yake zubarwa ta ciki, ku wuce asibitin koyarwa na Shika yau ɗin nan.

Maman Walid: Ya yi baƙi kam, amma mai kemis ya ce maganin ƙarin jinin ne ke sa haka. Kuma shi ba zai yarda ya ajiye mashin ba. Hajiya, kabejin ɗanye ake markaɗawa ko sai an dafa?